Amsar Tambaya: Kabari ya rufta a harabar coci

Tambaya: Ina cikin kwamitin wani tsohon coci a Ingila. Ƙasa ta lotsa a maƙabartarmu, rufin wani ɗakin gawa na ƙarƙashin ƙasa ya rufta. Mu cike ramin da kankare?

Amsa: 'Yar'uwa, ku dakata tukuna. Ku fara killace wurin, domin bakin ramin ma yana iya zubewa da mai leƙe. Akwatunan gawa na dalma na ƙarni na 19 kuwa ba abin taɓawa ba ne.

Da jan bulo da farar ƙasa aka ɗaure rufin irin waɗannan ɗakuna. Ruwa ke cin ginin a hankali, saiwar bishiya ta tsaga shi, injin yankan ciyawa mai nauyi ya ƙarasa. Saboda haka ku binciki magudanar ruwan cocin, sau da yawa can laifin yake.

A Cocin Ingila sai da izinin kotun dayosis ake irin wannan aiki, kuma dokar 1857 ta hana ɗaga gawa ba izini. Ku kira masanin ginin da ke duba cocinku duk shekara 5. Idan rufin na gyaruwa, a gyara da farar ƙasa. In ba haka ba, a cike da tsakuwa a ɗora murfi. Kwarara kankare kan gawa dai ban goyi baya ba.