Yadda ake sabunta horon mai kula da masu taɓin hankali

Daga Dogon Dutsi zuwa Yamai tafiyar kilomita kusan 270 ce, kuma can Pavillon E yake, sashen masu taɓin hankali na babban asibitin ƙasa. Iyali nawa ne a Matankari ko Tibiri za su iya ɗaukar wannan nauyi? Shi ya sa aikin yake faɗawa kan majo, shugaban ƙaramin asibitin CSI, wanda takardarsa ta makaranta ba ta isar masa sai an riƙa ƙara masa horo.

Ana farawa da tara ma'aikata na ƴan kwanaki, a yi masu tambayoyi a rubuce don a gane inda saninsu ya tsaya. Sai a buɗe littafin mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010, ta sabunta shi a 2016. Ana bi ciwo-ciwo: ƙuncin rai, gushewar hankali, farfaɗiya, shan ƙwaya irin su taramol, da masu neman halaka kansu.

Wurin da na fi so a daɗe shi ne kwaikwayo. Wata ungozoma ta zauna a matsayin mai jego da barci ya ƙaurace mata, ta sunkuyar da kai, ta ce, "Ranka ya daɗe, jikina ne duka ke ciwo." Majo ya kai hannu ga alƙalami zai rubuta magani, mai horarwa ya tsayar da shi. Ajiye alƙalamin, juyo da kujera, tambaye ta yaushe rabonta da dariya, sannan ka yi shiru. Shirun nan ya fi haddace ma'aunin magani wuya.

A ƙasar Arewa ta Dogon Dutsi kuwa dole a koyi yadda za a yi zancen iskoki. Galibin marasa lafiya sun biya ta wajen ƴan bori ko malam kafin su iso. Wanda ya raina wannan hanya ba zai sake ganin mutumin ba. Sai a tambaya cikin ladabi me aka ce masa, me aka ba shi ya sha.

Daga nan gwajin ƙarshe, a raba takardun shaida.

Amma horo bai ƙare ba sai mai duba aiki ya taso daga gunduma ya zauna gefen majo a ranar aiki, ya buɗe rajista, ya tambayi labarin wani yaro mai farfaɗiya da aka ɗora kan phénobarbital: ya dawo karɓar na wannan wata? In bai dawo ba, wa aka aika ƙauyensu?