KAFIN KA BIYA KUƊIN MOTA: JAN KUNNE GA MUTANEN SABON BIRNI DA ISA

Hausawa sun ce ba a cinikin biri a sama. Akasarin motocin da ke bin hanyoyin ƙasar Gobir, daga Isa zuwa Shinkafi, daga Sabon Birni zuwa Goronyo da Sakkwato, na hannu ne. Wasu 'yan Baljiyam ne, wasu kuwa sun daɗe suna wahala a hannun mutanenmu. Wanda ya sayar da gero ko shanu don ya mallaki mota, ya kamata ya san abin da zai duba, kuma ya bi shi daki-daki.

Na Farko: Takardu

Mu mutanen bakin iyaka ne. A da, motoci da yawa a Kwatano ake sauke su, a biyo da su ta Nijar har Maraɗi, daga nan su tsallako. Amma tun ranar 1 ga Janairu, 2017, gwamnatin Nijeriya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Saboda haka motar da ba ta da takardar biyan duti ta gaskiya, kwastan na iya kama ta ko da ta shekara a hannunka, kuma ba za su tambayi wanda ya sayar maka ba. Takardar izinin wucewa da ake ba mota mai lambar Nijar ta ɗan lokaci ce, ba ta zama a madadin duti.

Ka nemi takardar kwastan, da ta mallaka, da lasin, da inshora, da takardar Bi'ayo. Sa'an nan ka duba lambar shasi, wadda take da haruffa da alƙaluma 17. Ana samunta a gindin gilashin gaba da jikin ƙofar direba. Ka gwada ta da abin da ke rubuce a takardu, harafi bayan harafi. In ka ga alamar an kankare wurin ko an yi walda, tashi ka bar cinikin. A wannan zamani na rashin tsaro, motar da ba a san asalinta ba tana iya kai mutumin kirki ofishin 'yan sanda.

Na Biyu: Inji

Tafi da bakanikenka, ba na dillali ba, domin dillali la'adarsa yake nema. Ku je da sassafe, kafin a ɗumama injin. Ku tayar da motar, ku dubi salansa. Shuɗin hayaƙi yana nuna tana shan baƙin mai. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa yana nuna ruwa na shiga inji. Baƙi kuwa, fetur take ci fiye da ƙima, kuma kowa ya san abin da fetur ya zama tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Buɗe murfin baƙin mai; in ka ga fari-fari mai kauri a jikinsa, mai yiwuwa gasket ya ƙone. Duba lagireto da fanka sosai, gama zafin Afrilu a ƙasarmu yakan wuce digiri 40.

Na Uku: Ƙarƙashi da Tayoyi

A ƙasashen Turai gishiri ake zubawa a titi don narkar da ƙanƙara, shi kuwa gishiri cin ƙarfe yake yi. Sa a hau da motar bisa rami, ka leƙa ka ga ko tsatsa ta ci ta. Ka lura da tsayinta daga ƙasa, saboda rairayi da ramuka da laka ta damina a fadamar Rima. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu: 2319, alal misali, na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Tayar da ta tsufa takan fashe a kan zafin kwalta ko da zanenta bai goge ba. Kada ka gaskata mitar tafiya, ana juya ta baya. Sulɓin sitiyari da na abin taka birki sun fi ta faɗin gaskiya.

Na Huɗu: Gwaji da Kayan Gyara

Tuƙa ta da kanka, a kwalta da kuma burji. Saurari giya, gwada birki, ka ga ko tana fizga gefe guda. Kana ka tambayi kanka: in ta lalace a Gatawa, wa zai gyara? Motar da kayanta ke samuwa a Sakkwato da Gusau da Maraɗi, irin su Toyota da Golf, ta fi ƙawatacciyar da sai an aika Legas.

Na Biyar: Ƙulla Ciniki

Kada ka ba da kafin alƙalami sai an gama duk waɗannan. A rubuta yarjejeniya da sunan mai sayarwa, da lambar shasi, da farashi, da sa hannun shaidu biyu. Shari'a ta ba mai saye damar mayar da kaya in ya tarar da aibin da aka ɓoye masa, amma sai da shaida alƙali zai saurare ka. Daga nan ka hanzarta canja sunan mallaka zuwa naka.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah ya tsare mu da asara, amin.