Duba Salga Kafin Saukar Damina

  

Ya ƴan'uwa Musulmi, mun karanta a cikin Ishmawiya da Risala cewa ruwan da najasa ta sauya launinsa ko ɗanɗanonsa ko ƙanshinsa ba a tsarki da shi. To amma mu sani, ƙwayar cutar amai da zawo ba ta sauya ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa yana iya zama garau, alwala ta inganta da shi, alhali shansa halaka ne. Ba mu manta da shekarar 2021 ba, lokacin da wannan annoba ta shiga jihohin Damagaram da Maradi.

Ƙasarmu ta Yekuwa da kewayen Magarya rairayi ce, kuma a kwari ruwa kusa yake. Abin da aka zuba a salga yana tsiyaya cikin yashi har ya iske ruwan rijiya. Don haka masana kiwon lafiya suka ce a bar tazarar mita 30 tsakanin salga da rijiya, kuma gindin ramin ya ɗara ruwan ƙasa da mita ɗaya da rabi. A watan Agusta ruwan ƙasa yake tasowa, ramin da ya yi daidai da rani sai ya zama haɗari da damina.

Saboda haka bazara ce lokacin dubawa. Maigida ya zura doguwar sanda ya auna: in abin da ya rage zuwa baki bai wuce rabin mita ba, ramin ya cika. A binne shi da ƙasa, a haƙa wani, kada a tone tsohon sai bayan shekara 2. A duba daɓen siminti ko itacen da aka gitta, domin gara tana cinye shi ta ƙasa, sama kuwa kamar lafiya lau. A ɗaga bakin ramin da yumɓu don kada ruwan indararo ya kwarara ciki ya zaftare gefensa. A sa murfi, a riƙa zuba toka, a daina jefa leda, don ba ta ruɓewa.

Muna ganin masallatanmu sun fi gidaje sakaci a nan. Kowa yana shiga makewayin masallaci, amma ba wanda aka ɗora wa dubansa, kuma sau da yawa randar alwala tana jikin bangonsa. Ya kamata kowane kwamiti ya wakilta mutum guda.

Kada kowa ya sauka cikin rami don ɗauko buta ko waya. Akwai iska mai guba a ciki wadda take sumar da mutum nan take, kuma wanda ya bi shi don ceto shi ma faɗuwa yake.