Cutar farar toka a garka: yadda ake gane ta da maganinta

Ƴan'uwa makiyaya da manoma na Icirnawa da kewaye, da yawanmu muna haɗa kiwo da ƴar garka a bayan gida ko a fadama. Lokacin ɗari, daga Disamba zuwa Fabrairu, akwai wata cuta mai kama kuɓewa, kabewa, kankana da furen mangwaro. Malaman gona na ce mata "oyidiyom".

1. Yadda ake gane ta

Za ku ga ɗigo-ɗigo fari a kan ganye kamar an barbaɗa toka. Ganyen ƙasa, tsoho, take fara kamawa. Daga nan ganye ya yi rawaya ya bushe, ƴaƴa su ƙanƙance. Kada ku ɗauka ƙurar hunturu ce: ƙura na rufe kowane tsiro, kuma in an wanke ta tafi. Ita wannan fumfuna ce mai rai, takan dawo. Iska ke yaɗa ta, tana son inuwa da cunkoso.

2. Rigakafi

A ba shuka tazara, a yi ta inda rana ke samu.
Kada a cika taki, musamman ɗanyen kashin dabbobi. Ganye mai taushi ta fi kamawa.
A tsinke ganyen da ya kamu, a binne shi nesa da garka.

3. Magani

Makiyayi na da magani a ƙwaryarsa. A 1999 wani masani a Barazil, Wagner Bettiol, ya nuna cewa feshin madarar saniya na rage cutar a wani irin kabewa. A haɗa gwangwani 1 na ɗanyar madara da gwangwani 9 na ruwa, a fesa sama da ƙarƙashin ganye da safe, sau 2 a sati. A fara tun ɗigon farko. Ganyen da ya riga ya bushe ba ya dawowa.

In cutar ta yi ƙarfi, akwai hodar farar wuta. Ba a sa ta da zafin rana, don tana ƙone ganye. A tambayi malamin gona a Matamaye awon da ya dace.

Hattara: ganyen da aka sa wa farar wuta kada a ba awaki ko ragon turke. A gyara shinge, a ɓoye maganin daga yara.

Ku riƙa duba ganyen ƙasa kowane sati. Allah ya ba mu amfani mai albarka.