Yadda Ƙwayar Cutar HPV Ke Yin Kutse A Jiki Har Ta Haifar Da Sankara

Duk mai riƙe da wayar Android ya san abin da muguwar manhaja ke fara yi idan ta shigo: kashe tsaron wayar, sannan ta ci karenta babu babbaka. Kusan haka ƙwayar cutar HPV ke yi a jikin ɗan Adam, kuma ita ce silar kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, wadda ta kashe mata kimanin 350,000 a duniya a shekarar 2022.

Mece ce HPV?

Ƙwayar cuta ce mai nau'o'i sama da 200. Tana yaɗuwa ne ta haɗuwar fata da fata, musamman wajen saduwa, kuma tana kama maza da mata. Nau'i na 6 da na 11 su ne ke kawo yawancin ƙurajen da ke tsirowa a al'aura, amma ba su cika kai wa ga sankara ba. Masu haɗarin su ne irin na 16 da na 18, waɗanda ke haddasa kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa. Wani masani Bajamushe, Harald zur Hausen, shi ya gano waɗannan biyun a 1983 da 1984, ya kuma samu kyautar Nobel a 2008.

Yadda take shiga

HPV na bi ta ƴar ƙaramar tsagewa a fata har ta isa ƙwayoyin halittar da ke can ƙasa, waɗanda ke rarrabuwa don sabunta fatar. A nan take ajiye DNA ɗinta, ta sa ƙwayar halittar ta riƙa buga mata kwafi. Ba ta shiga jini, ba ta kawo zazzaɓi, shi ya sa mutum kan ɗauke ta bai sani ba. Duk da haka, a wajen mutum 9 cikin 10, garkuwar jiki kan share ta cikin shekara biyu.

Inda gizo ke saƙar

Matsalar tana farawa ne idan nau'i mai haɗari ya ƙi fita. Ƙwayar cutar na samar da furotin guda biyu, E6 da E7. A cikin kowace ƙwayar halitta akwai wani mai gadi da ake kira p53: idan DNA ya lalace, shi ke tsayar da aiki a gyara, in gyaran ya gagara ya sa ƙwayar ta mutu. E6 na sa a lalata wannan mai gadin. Shi kuma E7 yana danne wani furotin mai suna Rb, wanda shi ne birkin rarrabuwa. Babu mai gadi, babu birki, sai ƙwayoyin su yi ta hayayyafa suna tara kurakurai har su rikiɗe su zama sankara.

Wannan kan ɗauki shekara 15 zuwa 20. Ga mai raunin garkuwar jiki, kamar mai ɗauke da HIV da ba ta shan magani, shekara 5 zuwa 10 sun isa. Maza ma ba su tsira ba, domin HPV na kawo sankarar maƙogwaro, dubura da azzakari.

Rigakafi da gwaji

Allurar rigakafin ta fito tun 2006. Ba ta ɗauke da ƙwayar cuta mai rai, ɓawonta kawai aka kwaikwaya don jiki ya gane ta tun kafin ta iso. Ba ta warkar da wanda ya riga ya kamu, shi ya sa ake yi wa yara da wuri. Najeriya ta fara bayar da ita kyauta a watan Oktoban 2023 ga ƴan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. Saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cewa tana hana haihuwa ba su da tushe a binciken likitoci.

Ga manyan mata kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a fara gwaji daga shekara 30, ko 25 ga masu HIV. Idan aka ga sauyin tun bai zama sankara ba, ana iya magance shi cikin sauƙi. Zubar jini bayan saduwa, ko tsakanin al'ada biyu, ko bayan daina al'ada, alama ce ta a garzaya asibiti ba tare da jinkiri ba.