Ƙwan LED: Zafi Ne Ajalinsa

Mutane da yawa sun ɗauka ƙwan LED ba ya zafi, domin ana taɓa farar hularsa yana ci ba a ƙone ba, ba kamar tsohon ƙwai mai zare ba, wanda kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da yake sha zafi take zama. To, a kai hannu wajen gindinsa a ji. Can zafin yake taruwa.

In aka sauke ƙwan aka cire hular (kada a kuskura a yi haka yana jone da wuta), za a ga 'yan ƙwayoyi rawaya jere a kan faifan alminiyom. Kowace ƙwaya shuɗin haske take fitarwa, rawayan sinadarin da aka lulluɓe ta da shi ne ke sa a ga fari. Masana uku haifaffun Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka ƙirƙiro ƙwayar da ke ba da wannan shuɗin haske mai ƙarfi, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Faifan kuwa ba ado ba ne. Aikinsa ya janye zafi daga ƙwayar ya kai jikin ƙwan, iska ta kwashe.

Sai a lura da halin ƙwayar nan, domin a nan maganar take. Bolt 3 ko kusa da haka take buƙata, alhali wutar gida bolt 230 ce, shi ya sa aka sa wani ɗan allo a gindin ƙwan yana tsakura mata wuta daidai cikinta. In aka ƙara mata bolt ko kaɗan, wutar da ke ratsa ta sai ta yi tsalle. Sa'an nan in ta ɗau zafi, sai ta ƙara buɗe wa wuta hanya. Wuta ta kawo zafi, zafi ya jawo ƙarin wuta, in allon ba mai kirki ba ne haka za a yi ta yi har ta ƙone, a ga baƙin ɗigo a tsakiyarta. Da yake galibi a layi ɗaya aka jona ƙwayoyin, ɗaya ta mutu, duka sun ɗauke. Masu gyara a bakin kasuwa sukan tsallake matacciyar da dalma, ƙwan ya kama. Dabara ce, amma a ƙwai mai araha rabon wutarta kan sauran yake komawa.

Kuma ninka wuta ba ya ninka haske. Ƙarin hasken bai kai ninki ba, zafi kuwa ya ƙaru da yawa. Masu ƙera na banza sun san haka sarai. Sai su rage ƙwayoyi, su rage alminiyom, su ɗura wa abin da ya saura wuta, kamar a ɗora wa jaki ɗaya kayan jaki uku. A kanti ka ga haske fes, bayan 'yan watanni ya dusashe, ko ya riƙa ƙyaftawa.

Su masu ƙerawa ma ba ranar mutuwar ƙwan suke lissafawa ba. Awoyin da ake rubutawa a kwali yawanci lokacin da haskensa zai sauko zuwa kashi 70 cikin 100 ne. A cikin allon kuma akwai 'yar gwangwani mai tara wuta, wadda a ƙa'idar injiniyoyi kwananta ke raguwa da rabi duk lokacin da zafi ya ƙaru da digiri 10.

Yanzu a auna wannan da bazara a Sakkwato ko Maiduguri, inda zafi ke wuce digiri 40, ga rufin kwano, ga ƙwai an cusa shi cikin silin ko an rufe shi ruf da gilashi. Saboda haka, mai gida, ka bar wa ƙwanka wurin shan iska, ka share masa ƙurar hunturu. Ɗaki in babba ne, gara ƙwai biyu matsakaita da ɗaya mai tsananin haske. Janareta kuwa a bari ya daidaita kafin a mayar da gida kansa, ƙwan sola mai bolt 12 kuma kada a jona shi kan batir mai bolt 24.