Me ya sa wasu ke zama sufayen addinin Buddha?

Malam Hamadu daga Tcholliré, a yankin Arewacin Kamaru, ya ce ya ga mutane a talabijin da aski ƙwal da tufafi ruwan goro, yana tambaya: me ke sa mutum ya zaɓi wannan rayuwa?

To Malam Hamadu, mun gode. Waɗannan su ne sufayen addinin Buddha. Tushen abin shi ne gudun duniya. Buddha kansa ɗan sarki ne da ya bar fada yana neman maganin wahalar rayuwa, mabiyansa kuma suka ɗauki kwaɗayi a matsayin tushen wahalar.

Amma a ƙasar Tailan, yawancin masu shiga ba sa dawwama. Saurayi kan shiga na watanni 3 na damina, ya fita ya yi aure. Dalilinsa, a imaninsu, shi ne samar wa iyaye lada, musamman uwa. Sarki Bhumibol na Tailan ma ya yi kwana 15 yana sufi a 1956.

Akwai kuma talauci. Yaron ƙauye kan shiga don ya sami abinci da karatu kyauta. Sufi dai a Tailan ba ya aure, ba ya cin abinci bayan tsakar rana, da safe kuma yakan fita da ƙwaryarsa jama'a su zuba masa.